Ƙazantar Tumbi a Hannun Tela

A mayankar garin, duk sabon ma'aikacin da wuƙa ta fara yanka, sai an danne shi an cusa masa ƙazantar tumbi a cikin raunin. Wai don jini ya san abokin gaba tun da wuri. An yi wa Babban Mahauci haka shekara talatin da suka wuce, kuma ko mura ba ta cika kama shi ba.

Ƙanensa tela ne. Da shagonsa ya ƙone, ya zo wajen fiɗa neman abinci. Kwana na uku wuƙa ta tsaga masa tafin hannun dama.

"Ku riƙe min shi!" in ji Babban Mahauci.

"Yaya, don Allah, ruwa da sabulu ma ya isa..."

"Ji ɗan gata! Nan ka ga zare da allura?"

Ƙarti huɗu suka kayar da shi cikin jinin shanu. Ya yi ta shure-shure, ya gartsa wa ɗaya cizo, aka kwaɗa masa mari har haƙori ya fita. Yayan ya danne hannun da gwiwa, ya buɗe tsagar da babban yatsa, ya ɗura koriyar ƙazantar. Ana ta dariya.

Kwana biyar, hannun ya yi baƙi, yana wari.

A barandar asibiti matar tela ta ɗauki kujerar ƙarfe ta rotsa wa Babban Mahauci a ka. Bai kare ba. Jini na gangaro masa cikin ido ya tare likita.

"Likita, ni fa an yi min. Ga ni garau."

"Da gaskiya a ciki," ta ce. "Dakarun farko na cikin jini, in suka taɓa karo da ƙwayar cuta, sukan ƙara zafin nama, har a kan wadda ba su taɓa gani ba. Amma da ƙwayar da aka raunana ake gwadawa, a aune. Kai ƙofa ka wangale wa runduna guda."

"To ni ya aka yi na tsira?"

"Ku nawa aka yi wa a lokacinku?"

Bakwai ne. Biyu sun daina zuwa aiki, ɗaya aka ce zazzaɓi ya kashe shi. Bai taɓa tambaya ba.

Likita ta miƙo takardar izinin yanke hannun. Tela ba ya cikin hayyacinsa, matar kuma ta ƙi taɓa biron.

"In muka kai la'asar, daga kafaɗa ne. In muka kai gobe, gawa za ku ɗauka."

"Yanzu fa, daga ina?" in ji Babban Mahauci.

Likita ta shata masa layi da yatsa a nasa hannun, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ya goge jinin idonsa, ya karɓi biron.