Kwaɓin Ƙarfe Uku

Shekara talatin da huɗu Mai Biredi ya yi yana tashi ƙarfe uku na dare ba tare da agogo ba. Kafin gari ya waye ya murje buhu biyu na fulawa da hannunsa, don shi bai taɓa yarda da injin kwaɓi ba, wai inji bai san lokacin da kwaɓi ya ƙoshi ba. Yau shekara shida ke nan da ciwon karkarwa ya raba shi da gidan biredin. Likita ta faɗi sunan ciwon, ta ce a ƙwaƙwalwa yake, ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Hannun da ke juya buhu ya koma ba ya kai cokali baki sai rabi ya zube a riga. Muryar ma ta shige ciki, in zai yi magana sai an kai masa kunne.

Matarsa ce ke kai kunnen. Gajera yake kiranta tun suna ango da amarya, alhali ta fi shi tsawo, kuma ta gaji da gardama ta bar masa. Ita ke masa wanka, ta sa masa maɓalli, ta ba shi magani a kan lokaci, kuma duk wannan bai kai barci wahalar da ita ba. Da rana ya yi ta gyangyaɗi a kujera, baki buɗe. Da dare idon ya bushe, fitsari ya tashe shi sau huɗu, ga jikin ya ƙi juyawa a gado sai ta sa kafaɗa ta mirgina shi.

Ba abin da likita ta ce da ba su yi ba. An hana shi shayi daga la'asar. An fitar da talabijin daga ɗaki. Da hantsi ta zaunar da shi a bakin ƙofa ya sha hasken rana, in ya fara gyangyaɗi ta taɓa gwiwarsa, shi kuma ya bi ta da ido kamar ta ƙwace masa abinci. Wani daren a samu sauƙi, ta ce to, an gano bakin zaren. Washegari a koma inda aka baro. Likita ta ba ta takarda mai layi-layi ta riƙa rubuta lokacin kwanciyarsa da na farkawarsa, tana kuwa cikewa tsaf, har da mintoci. Layi ɗaya ne kawai take yi wa ƙarya, na can ƙasa, mai tambayar ko yana ihu ko duka cikin barci. A nan kullum a'a take rubutawa.

Bara abin ya fara. Ƙarfe uku daidai ta ji hannu ya lalubo damtsenta, ya kama, ya danna da tafin, ya naɗe, ya sake dannawa. Ta buɗe ido a tsorace. Idonsa a rufe, amma hannun ba ya rawa ko kaɗan. Sai ga murya, tsohuwar muryarsa mai cika ɗaki, tana cewa a ƙara ruwa, kaɗan fa, kaɗan ya ce. Har da dariya.

Da ciwo, kada wani ya ce babu ciwo. Mutumin da ya shekara talatin yana murza fulawa, in ya kama naman tsohuwa ba shafa shi zai yi ba. Amma Gajera ta kwanta lamo, ta cije leɓe, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Shekara biyar rabonta da jin wannan muryar. A farkon aurensu, kafin ya samu aiki, su biyu suke gashi a ƙaramar tanda bayan ɗakin haya, ita ke zuba ruwa shi yana murzawa. Wani dare ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi a hankali ko ya isa haka.

"Ya isa, Gajera," in ji shi cikin barcin. "Ke dai hannunki bai taɓa yin kuskure ba."

Daga ranar ta daina jin haushin ƙarfe uku, har jiransa take yi. Minti goma ne, wani lokacin bai kai ba, amma a cikinsu mijinta na dawowa. Da safe ta saka riga mai dogon hannu ko ana zafi. Autarsu, malamar makaranta da ke zuwa duk ƙarshen mako, ta taɓa tambayarta ko sanyi take ji. Ta ce tsufa ne, ki bari ya zo miki.

Ba Auta ce ta gano ba, shi ne. Tana masa wanka wata safiya hannun rigarta ya jiƙe, ta naɗe shi sama ba tare da ta tuna ba. Yana zaune a kan kujerar roba, damtsen nata daidai fuskarsa. Tabo a kan tabo, wani ya yi baƙi, wani ya fara kwanciya. Ta yi sauri za ta sauke, ta ce ƙofar kabad ce. Ya ɗago hannunsa mai rawa, ya daɗe yana kai shi, ya ɗora yatsu huɗu a kan tabo huɗu, babban yatsa a kan na biyar. Suka zauna daram. Fuskarsa da ciwon ya daskarar ba ta motsa ba, ruwa ne kawai ya zubo daga idon. Ta wanke masa fuska, ta ce sabulu ne ya shiga.

Ranar asibiti likita ta bi takardar layi-layi, ta zo ƙasa, ta yi tambayar da ta saba. Gajera ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta ji yana bubbuga hannun kujera. Ya ɗauki lokaci yana tattaro maganar, likita ta matso da kunnenta.

"Ni ne," in ji shi. "Gajera, nuna mata."

Likita ta duba damtsen, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta ce ba laifinsa ba ne. Mai lafiya in yana mafarki jikinsa a kulle yake, shi kuma ciwon ya lalata makullin, abin da ya gani shi zai aikata. Akwai ƙwaya da za a gwada, tana iya ragewa, tana iya ƙi. Amma gado dole a raba, a sauke nasa ƙasa, a ɗauke teburin da ke gefensa. Gajera ta ce wa zai juya shi? Likita ta ce ɗaki ɗaya za su kwana, tasowa za ta yi. Gajera ta ce ai ba ya mata zafi sosai, ita ta saba.

"Mama," likita ta ce, "yau damtse ya kama. Ranar da ya kama wuya fa?"

Gajera ta so ta faɗa mata abin da za a ɗauke mata, ta rasa ta inda za ta fara. Yaya za ta ce wa yarinyar da ta haifi kamarta tana son a murje ta don ta ji muryar mijinta? Ta juya ta dube shi ko zai taimake ta. Ƙasa yake kallo. Shi ya riga ya yanke.

Auta da mijinta suka zo ranar Asabar da ƙaramin gado, suka kwance babban, suka shimfiɗa wa uban katifa a ƙasa. Auta ta yi ta kuka tana cewa Umma, me ya sa ba ki faɗa ba, uwar ta ce ta yi mata shiru haka. Tsakanin gadon da katifar taku biyu ne, ta auna. A gefen da ta saba kwanciya kusa da shi ta ajiye masa dogon matashi don kada ya bugi bango.

Ƙwayar ta yi rabin aiki. Muryar ta koma gunaguni, ba a jin kalma ko ɗaya, hannun dai bai daina ba. Auta na ta murna a waya, wai yanzu Umma za ta samu barci. Ina barcin? Ƙarfe uku idonta biyu, tana jin matashi na nishi a ƙarƙashin tafinsa, tana riƙe da bakin gadonta don kada ƙafafunta su kai ta.

Da hantsi ta fito da shi bakin ƙofa kamar kullum, ta gyara masa mayafi a gwiwa, ta zauna da takardar likita a cinya. Ta tambaye shi yadda ya kwana. Har ta ɗauka ya yi gyangyaɗi. Sai leɓensa ya motsa, ta kai kunne.

Ya ce ya yi mafarkin aiki, amma kwaɓin jiya bai yi ba. Ya murza, ya murza, sanyi ƙalau, ya ƙi ɗaukar ɗumi. Ya nemi mai zuba ruwa kuma bai ga kowa ba.

Ta ce fulawar yanzu ce, ba ta da kyau. Ya gyaɗa kai. Ta ja takardar, ta sauka layin ƙasa, ta rubuta e.