Ɗinkin Haushi

Auta na zura zare a allura Yaya ta turo ƙofa, ta samu wuri kan buhun ƙyallaye ta zauna kamar ita ta ajiye shi.

"Har yanzu? Ba yau mai shago ta ce ki kai ba?"

Yau ɗin ne kuwa. Su biyun bargon ƙyallaye suke ɗinkawa: a bi teloli a kwaso ragowar yadi, a yayyanka, a harhaɗa, a shimfiɗa auduga a tsakani a bi da allura. Yaya ce ta koya wa Auta, kuma ba ta taɓa bari duniya ta manta ba. Abin haushin, koyarwar ta kama har ta yi yawa. Makon jiya mai shagon da ke sayar musu ta baje bargunansu a tebur, ta kasa bambance na yaya da na ƙanwa.

"Auta, ina da Yayarki guda, me zan yi da biyu?" in ji ta. "Kawo min abin da in na hango daga bakin titi zan ce naki ne. In babu, akwai masu jiran kantar nan."

Auta ta sha wuya wajen neman nata. Ta kwaikwayi hotunan waya, suka fito kamar an yi musu duka. Ta gwada shuɗi zalla, mijinta ya tambaya ko asibiti ne suka ba ta kwangila. Daga ƙarshe ta tsaya kan ƙananan murabba'ai, tsaf-tsaf, kuma ta kai rabi ke nan.

"Wannan kusurwar ta karkace," in ji Yaya. "Ja kusa da kore? To, ido naki ne."

Auta ta cije leɓe, ta fara yanka ƙyallen da ɗan girma don ta gama da wuri.

"Shi ma mijin naki haka yake, ya fara abu ya bari. Ina katangar da ya ɗauko bara?"

Yankan almakashin Auta ya ƙara faɗi. Ƙyallaye suka koma kamar tafin hannu, sannan kamar faranti, wasu a gicciye.

"Inna, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa: hannun Auta na cin abinci ne kawai."

Wannan ta shiga. Idon Auta ya kawo ruwa, amma ta rantse ba za ta zubar da shi a gaban Yaya ba. Ta miƙe ta fizgo labulen taga mai ruwan ɗorawa, ta datse shi, ta cike sauran bargon da shi a falle ɗaya, ta bi da baƙin zare manya-manya irin na ɗinkin buhu. Yaya ta riƙe baki ta ce ba da ita ba, ta fice.

A cikin bas Auta ta rungume ƙunshin tana haɗa kalmomin ban haƙuri. Mai shago ta shimfiɗa bargon, ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan ƙananan murabba'an.

"Nan kina zaune lafiya." Yatsan ya gangara. "Nan wani ya shigo. Nan an taɓa miki miji." Ta kai kan labulen ta tsaya. "Nan ban san me aka ce ba, amma labule ne ya ɗauki laifin."

"Ki yi haƙuri, Hajiya, zan warware..."

"Warware me? Taɓa shi ki gani! Na Yayarki mutum ya lulluɓa ya yi barci. Wannan sai ya tashi zaune ya tambayi wa ya ɓata wa wa rai. Ki riƙa kawo min irinsa, kanta taki ce."

Auta ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Da yamma ta zauna ta fara na biyu. Ta yanka manya da gangan, ta karkata da gangan, abin ya fito lafiyayye, sak na Yaya da aka ƙara wa ƙiba. Ta tuno maganganun safe, sun riga sun huce. Ta roƙi mijinta ya ɗan zage ta.

"Ni? Ina so in kwana a gidan nan," ya ce, ya ɗauki takalminsa.

Ta daɗe tana kallon ƙyallayen. Tun tana yarinya take neman fita daga inuwar Yaya, ga shi abu ɗaya da ya zama nata ba ya tashi sai da ita. Abin ya ba ta takaici, amma bai kai na yanka labule ba. Ta ɗauki waya.

"Yaya, gobe da safe ki zo ki ɗan duba min ɗinki."

"Ahaf! Ai na sani. Mai shagon ta koro ki ko? Dama na ce ba ki iya komai sai ina tsaye a kanki. Tun ranar da aka haife ki..."

Auta ta maƙale wayar a kafaɗa, ta jawo almakashi.

"Ci gaba, Yaya. Ina jin ki."