Kalangu a Bayan Kujerar Fijo

"Ba wannan ba! Babbar na ce maka, mai faɗin faifai!"

Muryar Baba Ɗantala ce ta tsallako katanga, har na zubar da garin da nake tankaɗe. Tun da allurai suka tafi da jinsa, maƙwabcin nan nawa ya manta yadda ake magana a hankali. Ko gaisuwa ya yi, sai rabin Pantami ta amsa. Na ja mayafi na leƙa.

Yana kan kujerar roba, ƙafafu a kumbure saboda ciwon ƙoda, kusa da tsohuwar Fijo ɗinsa da ta tsufa tana jigilar nama daga kwata. Ernest mai wayarin mota ya ɓalle marafen ƙofofi ya zaro tsofaffin sifiku. Duk sun yage, ɗaya ma ɓera ya yi sheƙa a ciki.

Batul, 'yarsa da ta baro gidanta a Barunde don jinya, ta sunkuya daidai fuskarsa don ya karanci bakinta.

"Baba, don girman Allah! Likita cewa ya yi ka kwanta."

"Kwanciya tana gaba, doguwa ma kuwa. Matsa min."

Ta juyo gare ni. "Inna Lami, ki sa baki. Mutumin da ba ya ji, me zai yi da sifika? Lokacin riƙe carbi ne wannan. Me mutane za su ce?"

Carbin kuwa yana hannunsa, yana ja, yana nuna wa Ernest inda zai ɗaure kusa. Wanda ya shekara arba'in yana kayar da bijimai, ba ni ce zan kayar da shi da baki ba.

Abin da yake nema ɗaya ne, kuma duk layinmu an sani. Mahauta suna da makaɗansu, kowane mahauci da takensa. Nasa marigayi Rufa'i mai kalangu ne ya kaɗa masa, aka ɗauka a kaset tun ana zaman daɗi. Ernest ya juye masa a memori, amma ina amfanin baɗi ba rai, kunne ya riga ya rufe. Sai wata rana motar wasu samari ta wuce tana dukan ƙasa da kiɗa, tsoho ya dafe ƙirji ya ce ya ji. "Kunne ne ya mutu," in ji shi, "ƙirji yana nan." Ya rantse sai ya ji takensa ko da sau ɗaya kafin a ɗauke shi.

Shi ya sa bai yarda a kai akwatin babbar sifikar cikin but ɗin motar ba. Ya sa aka manna shi a bayan kujerar direba, amfilifaya kuma a ƙarƙashinta. Ernest ya jawo jar waya mai kaurin yatsa tun daga batir, ya sa mata fiyus, yana gumi yana mita. "Baba, wannan mota ta girme ni fa."

Da la'asar aka tallabe shi aka zaunar a mazauninsa. Ernest ya murɗa makulli. Kalangu ya fito daga sababbin sifikun ƙofa, tas, kamar Rufa'i ya dawo. Duk mun ji, ban da mai abin. Ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ka kunna mana!" ya daka wa Ernest tsawa.

Batul da ke ta faɗa tun safe ta kau da kai tana goge ido. Ta buɗe baki za ta ce masa a haƙura, sai ta fasa, ta juya kan Ernest.

"Malam, ba inda za ka je sai babbar sifikar nan ta yi magana."

Ernest ya kwanta a ƙasan kujera ya laluba. Ashe baƙar wayar da ya ɗaure a jikin mota kan tsatsa ta zauna. Ya kankare wurin da wuƙar Baba har ƙarfe ya yi fari, ya sake ɗaurewa.

Abin da ya biyo baya, har kwanukan rufinmu sai da suka amsa. Gilashi ya hau rawa, kaji suka watse. Baba Ɗantala ya manna bayansa da kujera, ya rufe ido. Can sai kafaɗarsa ta fara motsi, ya ɗaga hannu ya ɓarke da kirari: "Ɗantala wuƙar asuba! Sa ya gan ka ya nemi alƙibla!"

To, ga inda tsufa ya kunyata mu. Mu da muka tashi a da, mun san kalangun mahauta ba ya tashi a banza. In ka ji shi, an yi yanka, nama ya sauka. Ban san sanda na koma gida na ɗauko kwano ba. Ina fitowa na tarar da Adda Barira, tsohuwar da ke ƙarshen layi, tana dogara sanda da nata a hammata, wasu tsofaffi na biye da ita.

"Ina aka kayar?" in ji Adda. "A ajiye min hanta."

Samari suka fashe da dariya. Baba Ɗantala ya buɗe ido ya ga kwanoni. Bai yi dariya ba.

"Tun da nake, ba a taɓa kaɗa takena kwano ya koma wayam ba. Ku kwanto ragon nan."

"Baba, na layya ne!" in ji Batul. "Sallah da sauran tafiya."

Ya dube ta, kuma karon nan kaɗai muryarsa ta sauko. "Wanda zai ga layya ya tanadi nasa, uwata."

Samarin suka danne masa ragon. Hannun da ya kasa riƙe cokali bai yi rawa a kan wuƙa ba. Shi ya feɗe, shi ya raba, yana yi wa Adda tsiya cewa ba ta da haƙoran cin hanta. Likita ya hana shi nama da gishiri, amma da idona na ga Batul ta gasa 'yar tsoka, ta barbaɗa yaji, ta sa masa a baki.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai a kai shi mota. Masu ƙorafi suka yi suka gaji. Juma'ar da ta zagayo, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Na yi kuka sosai, don layin ya yi shirun da ban so ba.

Ranar sadakar uku Ernest ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya tsaya jikin motar. "Hajiya, in cire kan batir, kada ya zube?"

"Bar shi a haɗe," in ji Batul.

Tsakar gida ta cika da masu ta'aziyya, babu wurin ajiye abincin da maƙwabta ke aikowa, sai ta riƙa jerawa a kan bonet ɗin Fijo. Na gane kwanon nan mai lanƙwasasshen baki na Adda Barira, na gane nawa. Kwanonin ranar nan ne suka dawo, kowanne a cike, tururi na fita ta gefen murfi.