Kwandon Ammu Nabih

Kwandon ya sauko daga bene na uku ya dungure ni a ka, ina tsaka da tsamo ta'amiya, ƙosan Masar, daga mai. Na ɗaga kai, ga maƙwabcinmu Ammu Nabih ya leƙo ta baranda, yana yi mini alamar in yi shiru kamar mai safarar ƙwaya. A ƙarƙashin farantin da ya aiko, littattafai biyu ne kwance.

Tsohon makanikin tarago ne, jirgin ƙasan cikin garin Iskandariyya, bai taɓa aure ba. Ni kuwa nakan ce ya yi, mata biyu ma. Uwargida littattafan tarihi ne, irin masu daɗin karatu: yadda gishiri ya haddasa yaƙi, yadda annoba ta shigo ta jirgin ruwa. Amarya kuwa labaran biranen gobe, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi, talaka ya sa hannun ƙarfe, ɓarawo ya shiga ƙwaƙwalwar mutum ta waya. Na taɓa tambayarsa wacce ya fi so. Ya ce duk labari ɗaya ne, manya na cin ƙanana, sai dai a ɗayan akwai fitilu masu kala.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ƙanwarsa Madam Fauziyya ta taso daga garin Ɗanɗa don jinya. Kwana biyu da zuwanta ta yanke hukunci: ƙurar takardun nan ce ke kashe shi. Ta sauko shagonmu ta yi wa babana, Mu'allim Gabir, alkawarin su duka. Mu kuwa a takarda muke naɗe ta'amiya, ko wace iri. Na taɓa miƙa wa wani ɗan sanda karin kumallonsa a cikin jarrabawar lissafin ɗansa.

To shi ne Ammu ya fara safara. Kullum da safe biyu, ɗaya na jiya ɗaya na gobe. Ina ɓoye su bayan buhunan wake.

Ran nan na hau kai masa burodi, na tarar ya rame, agogo na yawo a hannunsa. Na ce ya yi haƙuri, na je kasuwa neman huhun ƙarfe, sun ce sai shekara tamanin nan gaba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Sameh, ɗan banza," ya ce. "Ni ba mutuwar ke damuna ba. Kada dai in ga sarkin Mamluk na littafin tarihina da man ta'amiya a fuska."

Na yi masa alkawari, alhali kanta uku na nan cike da littattafai a ɗakinsa, ga shi ko kofi ba ya iya riƙewa. Amma kwandon bai fasa saukowa ba. A satin ƙarshe ma har shida-shida yake zuwa, ba mai leƙowa. Na ce lallai tsohon nan da sauransa.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Likita ya ce cikin barci ne, bai wahala ba. Muka kai shi bayan la'asar.

Kwana uku da rasuwar, sai ga sauran littattafan a buhu huɗu a ƙofar shago. Babana har ya ɗauko wuƙar da yake yanka takarda. A daidai lokacin masu aiki ke kafa injin ruwan sanyi a bakin gidan, irin wanda ake sa wa mamaci sadaka, da sunansa a jiki. Madam na tsaye cikin baƙaƙen kaya tana ba su umarni.

Na wanke hannu na je. Na shirya wa'azi mai tsawo, cewa ilimi ma sadaka ce mai gudana, a kafa kanta kusa da ruwan, mai ƙishi ya sha, mai jiran tarago ya karanta. Ko rabi ban kai ba ta katse ni.

"Limamin ta'amiya, rufe mini baki. Sauran na bayan wake, ko ka cinye?"

Kafin in fara musu, ta ɗora.

"Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, shi zai riƙe igiya daga bene na uku? Kafaɗata har yanzu ciwo take."

Ashe buhunan ma ni ta aiko wa, ba babana ba. Ta ce ƙura ce ba ta so a ɗakin, kuma da ta faɗa masa ta haƙura, da ya daina tashi da safe yana zaɓen waɗanda za a sato. Babana ya kalli wuƙarsa, ya mayar aljihu, ya ce dama takardar ta yi kauri, ba ta shan mai.

Kafinta Girgis ya buga mana kanta kyauta. Na jera su yadda Ammu yake yi, na jiya a dama, na gobe a hagu, na rataye kwandon a gefe don masu dawo da aro.

Yau da safe wata 'yar makaranta ta sha ruwa, ta zaro wani mai hoton mace da idon gilashi, ta zauna a dakali. Tarago ya zo ya wuce, ba ta ɗaga kai ba. Daga bene na uku Madam na shanya, tana kallonta.