Buɗaɗɗiyar Mas'ud

Ni da ƙanena Mas'ud mun yi shekara guda cur muna gardama a kan abu ɗaya, kuma har ya bar gidan nan ban yarda ya fi ni gaskiya ba. Ni ina da tabalet, irin mai faɗin nan. Da ita nake aikin ofis a nan Talata Mafara, da ita nake jin karatu, da ita kuma nake gulma da 'yan'uwa na Sakkwato. Shi kuwa gyaran waya ne sana'arsa a bakin tasha, amma abin da ya fi ƙauna a duniya wata 'yar na'urar gem ce da ba ta wuce tafin hannu ba, mai madannai a gefe da sukuru huɗu a baya. Ba ta ɗaukar layi, ba ta shiga intanet, ba ta kiran kowa. Namiji da gemunsa, ɗan Liman guda, sai ka gan shi ya duƙufa yana danne-danne kamar mai tsince shinkafa.

Ya sa mata suna Buɗaɗɗiya. Wai waɗanda suka ƙera ta sun bar rubutun da ke tafiyar da ita a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara nasa. Tawa kuwa ko inda za a sa sukundireba babu.

"Yaya Taibatu, wagga taki gidan haya ta," in ji shi. "Kina ciki, amma ko ƙusa ba ki da ikon bugawa."

Na ce gara gidan haya da gidan da ba ƙyaure, wanda kowane kare da doki ke faɗawa. Ya yi dariya, ya ce ai ya yi wa wannan magani. Sai ya nuna mini gem ɗin da ya yi wata da watanni yana ginawa da hannunsa. Ƙasarmu ce ya zana a ciki: Mafara, hanyar Bakura, gonakin rani, ruwan dam, Maradun, har turbobin da ke zuwa Dosara da Faru. Ga gidanmu da zaurensa da ɗakinsa. Akwai wani ɗan mutum mai shuɗiyar hula da ake tafiyar da shi da madanni, kuma ba ya shiga gidan kowa sai ya yi sallama an amsa. In ya yi sau uku ba a amsa ba, sai ya juya, kamar yadda Malam, mahaifinmu, ya koya mana tun muna yara. Hoto huɗu kacal ya zana wa mutumin, gaba da baya, dama da hagu. Na tsokane shi cewa mutumin nasa ko zama bai iya ba, balle kwanciya.

Sai aka shiga shekarar da aka katse sabis a Zamfara. Dare ɗaya tabalet ɗina ta koma faifan rufe tuwo. Mas'ud bai bar ni na sha ruwa ba, kullum sai ya tambaye ni ko mai gidan hayar ya dawo da makulli.

A makon nan ne Gwaggo Hindu, ƙanwar Malam da ke aure a Faru, ta shirya zuwa duba Malam da ciwon ƙafarsa. Mun ji hanya ta lalace, masu bindiga suna tare mutane. Na ɗauki saƙon murya zuwa wayar ɗanta, na ce kada ta taso, hanya ba kyau. Saƙon ya tsaya da alamar ɗan agogon nan a gefensa, ya ƙi tafiya. Sai na koma kan Mas'ud, na ce ya hau mashin ya kai da baki. Ya ce a bari kwana biyu. Ni da bakina, bakin da ba ya jin birki, na tambaye shi ko tsoro yake ji. Ya ɗauki hularsa, ya sa Buɗaɗɗiya a aljihu, ya fita.

Bai isa Faru ba. Kwana huɗu bayan nan wani manomi, Bawa, ya zo daga Dosara da na'urar a ƙunshe cikin leda. Ya tsince ta a gindin wata tsamiya a bakin turba, ya ga sunan Liman a rubuce a bayanta. Babu mashin, babu jini, babu mutum. Ko an shiga da shi daji, ko an kashe shi, babu mai iya cewa, don ko masu kiran dangi ba su da hanyar kira. Malam ya daina cin abincin kirki. Ni kuwa ban taɓa ƙin kaina ba kamar a kwanakin nan.

Na sa na'urar a caji jikin sola don kawai in riƙe wani abu nasa. Da ta kawo, sai ga ɗan mutumin a tsaye gindin wata bishiya, kusa da Dosara. Na ajiye na tafi girki. Da na dawo ya bar bishiyar.

Na ce ko ni na taɓa ban sani ba. Na ɗora ta kan akwati, na rungume hannu, na zuba ido, rana tsaka, kaji na kai-kawo a tsakar gida. Can sai na ga madannin hagu ya lotsa a hankali, daidai inda yatsan Mas'ud ya cinye fentinsa, ya dawo. Mutumin ya yi taku ɗaya zuwa yamma, wajenmu. Na tsorata, amma ba zan ɓoye ba, har da murna a ciki.

Washegari na kai ta Bakura wurin Murtala, abokinsa da suka koyi gyara tare. Ya kwance sukuru huɗun, ya zare memori, ya sa a kwamfutarsa, ya bi rubutun layi-layi. A nan amfanin buɗaɗɗen abu yake, ba inda za a ɓoye maka. Da tabalet ɗina ce da na ce daga can wani wuri aka turo, hankalina ya kwanta. Murtala ya ce babu layin da ke sa mutumin tafiya da kansa, kuma babu ta inda saƙo zai shigo, ko da akwai sabis.

"To mi ka tahiyar da shi?" na tambaye shi.

"Dannawa aka yi, Yaya," ya ce. Ya ɗaure ta, ya miƙo mini da hannu biyu, bai ƙara kallon gilashin ba.

Kwana shida mutumin yana tafe, taku-taku, irin tafiyar wanda ya gaji. Ban faɗa wa Malam ba. A raina ina cewa Mas'ud ne ya kuɓuta, yana tahowa a ƙafa, Allah ne ke nuna mini. Ya wuce Maradun. Da ya iso bakin dam na jira ya kewaya, don na san Mas'ud ya toshe ruwan, ni kaina na sha gwada shiga ya ƙi. Bai kewaya ba. Ya miƙe ta kan ruwan kamar mai bin turba, tun hantsi har la'asar. Ranar na daina murna.

Ranar Laraba da hantsi ya iso ƙofar gidanmu. Rubutu ya fito a ƙasan gilashin: Salamu alaikum. A gefensa ga alamar madannin amsawa tana ƙyaftawa. Na leƙa waje da gudu. Layi fayau, sai akuya a inuwa. Na dawo na zauna, ban danna ba. Ban san wa zan buɗe wa ba. Abin da ya taka ruwa bai nutse ba, shi zan ce wa bismilla?

Bayan azahar sallama ta biyu ta fito. Gidan ya yi tsit, rana ta take, ko iska babu. Na san ƙa'idar da ya sa: in ta uku ta wuce zai juya, kuma ba ni da tabbacin zai sake dawowa. Ina nan zaune sai na ji sandar Malam. Ya ɗaga labulena, abin da bai saba ba.

"Taibatu, ke ma kin jiya? Sau biyu ke nan aka sallama a zaure, in na leƙa ban ganin kowa."

Na fashe da kuka, na nuna masa, na faɗa masa komai, har da maganar tsoron da na yi wa Mas'ud. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya zauna bakin gado ya kafa wa na'urar ido, shi da bai taɓa riƙe ta ba. Ba mu jima ba ta uku ta fito. Na tambaye shi in ba Mas'ud ba ne fa.

"Wanda ya yi sallama ukku ya jira, tarbiyyar gidanga ta," ya ce. "Amsa mai."

Ya ɗaga murya ya amsa, cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu, ni kuma na danna.

Ɗan mutumin ya shigo zaure, ya ratsa tsakar gida, ya wuce ƙofata bai tsaya ba. Labulen ɗakin Mas'ud, na gaske, wanda muke hange ta ƙofa, bai ko motsa ba, na duba. A gilashin kuwa ya shiga ɗakin, ya je tsakiya, ya tsaya. Sai ya kwanta. Hoton da ba a taɓa zanawa ba, ga shi a gabana, a miƙe sambal a kan gefensa na dama, fuskarsa na kallon gabas. Ni 'yar Liman ce, na san wanda ake kwantarwa haka.

Malam ya daɗe yana salati a hankali. Daga nan ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce in aika wa maƙwabta, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa har kwana uku, ba wanda ya tambayi yadda labarin ya iso, a zatonsu daga Dosara aka aiko. Har yau ba a ga gawarsa ba. Buɗaɗɗiya tana ɗakinsa, kullum ina sa ta a caji, kuma madannin bai sake lotsawa ba.

Bayan wasu makonni aka maido da sabis. Ina wanke-wanke na ji tabalet ɗina ta ɓarke da ƙara kamar kaza ta yi ƙwai, saƙonni suna ta zubowa. Na goge hannu na buɗe. A sama ga saƙon muryata zuwa Faru, daƙiƙa tara, kada a taso, hanya ba kyau. Ina kallo ɗan agogon ya ɓace, alamar ta nuna ya isa.