Ciyaman na Ƙofar Sito

Ranar da kamfanin masu gadin sito ya ce ya amince su yi ƙungiya, Ma'azu bai yi murna ba. Ya daɗe yana sakataren ƙungiyar ma'aikata a wata masaƙa a Sharaɗa, kafin masaƙar ta mutu ya taho Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwar Kwari lodin kaya, kuma bai taɓa ganin mai kamfani ya ce "to" tun ba a gama gaisawa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Siton da yake tara kayan mutane yana wani lungu bayan titin Liuhua Lu. Masu gadinsa duk 'yan ƙasa ne, babbansu Lao Wen, dattijo ɗan Hunan mai tarin taba. Tsayuwa suke daga safe har rana ta faɗi, ba kujera, ba hutun ƙarshen mako. In sun kai kuka wurin mai sito, ya ce ba ma'aikatansa ba ne, haya ya ɗauko su. In sun je kamfanin da ya ba da hayarsu, a ce mai sito ne ke tsara aiki. Lao Wen yana haƙuri ne saboda ɗakin da aka ba shi a bayan siton, inda yake zaune da matarsa mai shara a kasuwar Shahe. In aka ɗauke shi daga ƙofar nan, ɗakin ya tafi.

Ma'azu ne ya kawo shawarar, da guntun Sinancinsa da taimakon waya: su haɗa kai, su zaɓi shugaba. Suka zaɓi Lao Wen cikin sirri, a bayan kwalayen takalma, suna kurɓar shayi. Amma Bakano bai san sarautar da ake ɓoyewa ba. Washegari Ma'azu ya zo da hula kube ya kafa wa dattijon, ya raba goro, ya sanar da jama'a. Tun daga nan duk ɗan kasuwar da zai shiga sai ya rage tsawo ya ce, "Ciyaman, ranka ya daɗe!" Lao Wen ya yi ta kaɗa hannu yana cewa meiyou, meiyou, wato babu, babu. Su kuwa suka ɗauka kunya ce irin ta mai sabon rawani, suka ƙara murya.

Ba a jima ba sanarwa ta fito daga kamfani: za a kafa ƙungiya, an ma sa ranar biki.

Ma'azu ya soma lissafin wanda ya kai gulma, don manajan sito ya san abin da bai kamata ya sani ba. Zuciyarsa ta tsaya kan Ghali, dillalin da ya auri 'yar ƙasa, wanda ke zuba Sinanci kamar ruwa kuma aka sha ganinsa yana cin taliya da manajan. Ya tare shi a bakin wata kwantena. Ghali ya yi masa bayani a sanyaye, cewa a nan doka ba ta hana ƙungiya ba, sai dai uwar ƙungiya ɗaya ce a duk ƙasar, kuma reshen da ba ta sa wa albarka ba, ba reshe ba ne. Kamfani ya riga su zuwa wurinta, shi ke nan. Sanyin maganar ne ya ƙara wa Ma'azu zargi. Mai gaskiya ai da ya fusata.

"Kuma wa za su ba shugabancin?"

"Mai ɗaukar ma'aikata na kamfanin," in ji Ghali. "Ita ma ai ma'aikaciya ce, yallaɓai sakatare."

Aka yi biki da jan ƙyalle da tafi. Kowane mai gadi ya samu katin ƙungiya da jarkar man girki. Lao Wen kuwa ya samu ƙarin girma: an naɗa shi babban mai gadi a wani filin gini can bayan garin Foshan, inda ake kwana a ɗakin maza zalla. Ba wanda ya kore shi, balle a ce an taka doka.

Ana cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma mutane na son karin maganar nan don tana wanke kowa ban da mutum ɗaya. Ma'azu ya riƙe ta gam. Ya daina amsa sallamar Ghali, ya soma yin shiru in wani ya shigo, har mai kawo musu abinci sai da ya bi da kallo.

Hajiya Balkissa, 'yar Maraɗi mai sarin mayafai, tana zaune kan dilar kayanta ranar da ya zo yana rantsuwa cewa sai ya tona asirin munafukin. Ta bari ya gama.

"Malam Ma'azu, ɗaga kanka. Tagar wa ce waccan?"

Tagar manaja ce, daidai saman ƙofa, kullum a buɗe saboda zafi.

"Mutum nawa suka durƙusa a nan suna kiran Ciyaman? Har ni na kira. Kalmar ma ta Turanci ce, ba ya buƙatar tafinta. Wane munafuki kake nema, bayan kai ka ɗauko makaɗa?"

Ya ce ai girmamawa ce. Ta ce ta sani, a Kano in an san kai ne shugaba ana shakkar taɓa ka, don akwai jarida da rediyo da masu zuwa su rufe ƙofa. Nan wa zai zo? Shi Ma'azun kansa bizarsa ta kasuwanci ce, ya gode Allah da ba a kira shi ofishin 'yan sanda ba.

Ma'azu bai ce ta yi gaskiya ba. Ya ce duk da haka bai yarda da Ghali ba, ta ce wannan kuma ruwansa.

Da la'asar Lao Wen ya fito da buhunan kayansu, matar na biye da tukunyar dafa shinkafa a rungume. Ita wurin wata 'yar uwarta za ta raɓa, don ba za ta iya barin sharar Shahe ba. Ma'azu ya matsa zai kama masa buhu ɗaya. Dattijon ya saci kallon tagar, ya janye buhun a hankali, ya ce xiexie, laoban, na gode maigida, ya yi gaba shi kaɗai zuwa tashar mota.