Guɗar Goggo Saude a Guangzhou

Hajiya Saude ta daɗe a Guangzhou, har ta kai idan mai shago ya ce mata "meyo", wato babu, daga ƙwayar idonsa take gane ko da gaske babu ɗin ne. Dogayen riguna take sara a kasuwar Shisanhang, ta haɗa da gashin doki, ta kai kago filin jirgin saman Baiyun a sauke a Kano.

Ranar da 'yar yayanta Najiba ta ce tana tafe, Saude ba ta bar kowa ya huta ba. Tun Najiba tana 'yar tatsitsiya Yaya Sharfaddeen ya tafi da ita Amurka inda yake koyarwa. Yanzu ga shi mutanen unguwarsu sun zaɓe ta 'yar majalisar dokokin jiharsu, ta zo China cikin tawagar kasuwanci.

Saude ta zaci za ta ga jiniya da 'yan rakiya. Sai ga yarinya ta fito daga tashar jirgin ƙasa da takalmin roba, gyale a kafaɗa, kai ya sha shuku. Ta durƙusa har ƙasa.

"Goggo, na same ku lafiya?"

"Tashi, ja'ira! Haka manyan suke yawo a can?"

Ta ja ta shagon da take sarin gashi. Suka tarar da Salamatou, wata 'yar Maraɗi, tana zaɓen kaya. Da mai shagon ta ji ko wace ce baƙuwar, ta ɗauko gashi mai santsi kamar siliki ta miƙa mata kyauta, ta ce na shiga ofis ne.

Najiba ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta miƙa wa Saude.

"Goggo, ki ce mata ya yi kyau, amma a kan maganar gashi na sha faɗa mafi zafi a majalisa."

Ta ba su labari. Wata ma'aikaciyar jinya, baƙar fata, mai 'ya'ya uku, aka sallama daga aiki don ta ƙi tsefe kitsonta. Najiba ta kai ƙudurin hana korar mutum saboda gashin da Allah ya ba shi ko ɗankwalin da ya ɗaura. Wasu suka yi dariya, wani dattijo ya ce majalisa ba shagon kitso ba ce. Sau biyu ƙudurin yana faɗuwa kafin ya wuce da ƙyar.

Salamatou ta taɓe baki. "Wallahi ni ban gane ba. Mutane na fama da tsadar abinci, ku kuna zancen kitso?"

Saude ta harari Salamatou. Amma Najiba ba ta ɗaga murya ba.

"Gaskiyarki, Yaya, abinci ne gaba. To matar nan kitson ne ya raba 'ya'yanta da abincin. Mai son saka gashin doki ta saka don tana so, ba don tsoron kora ba."

Salamatou ta ce, "Ta koma aikin?"

"Ta koma."

"To madalla."

Saude ta dafe ƙirji. "Wato so kike ki kashe mini kasuwa!" Suka kwashe da dariya, har mai shagon da ba ta ji komai ba.

Washegari Saude ta ci ado da leshi ta bi Najiba zauren taro, ta zauna can baya. Turawa da 'yan China sun cika wurin. Mai gabatarwa ya yi ta kokawa da sunan mahaifinta Sharfaddeen, da ƙyar ya fito da shi. Najiba ta hau mumbari, ta ce jiharsu tana maraba da masana'antu, amma duk mai zuwa ya san leburan can yana da haƙƙi, kuma ita ba za ta sassauta ba ko da za a fasa cinikin. Turancin ya yi wa Saude sauri, sai dai ta ga yadda manyan mutane suka ajiye wayoyinsu suna saurare.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, wadda rabonta da ita tun bikin autarta.

Zaure ya yi tsit. Masu gadi biyu suka nufo ta. Najiba ta matso da bakinta kusa da lasifika tana murmushi.

"Ku ƙyale ta. Ƙanwar babana ce. Haka muke tafi a gida."

Aka ɗauki tafi. Saude ta zauna, ta gyara ɗaurinta, ta goge ido da gefen mayafi.